Lallen Inna a Dutsen Lubnan

Tun da na dawo makaranta kuke tambayata. Zulai ta tare ni a bakin randa, Maryama kuma ta dinga zungurina muna cikin tilawa har Malama ta ɗago kai. Wai da gaske ne ƙanƙara tana saukowa daga sama kamar auduga? Wai na ga Nasara da idona? Wai me ya sa nake sa safa a wannan zafi na Makka? Kun san ni, magana a cikin mutane tana yi mini wuya. Shi ya sa na zauna na rubuta, ku karanta ku miƙa wa ta gaba, a bar ni in huta. Wadda take son labarin daɗi ta tsaya a wurin jirgin ruwa. Maganar safa tana can gaba, kuma ita ce ainihin labarin.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi na shiga tafiyar ba: Sidi Abdulhamid na unguwar Zahir attajirin yadi ne, matarsa Sitti Zain. Da aka haifi 'yarsu Najat, nonon Sitti bai zo ba, ni kuma a lokacin ina jaririya a goye. Aka hau har unguwarmu Nakkasa aka kira Inna. Ta shayar da mu tare, ni a dama Najat a hagu, muka zama 'yan'uwan nono. Najat tana kiran Inna Dada, ni kuma ina hawa benensu ba tare da an tambaye ni wurin wa na zo ba. Da Sidi ya tashi zuwa Beirut saro kaya, ya ce zai tafi da iyalinsa su ga gari, Najat ta kwanta a ƙasa tana birgima, ta ce ba inda za ta sai da Habiba. Baba ya dawo daga ɗiban ruwa aka gaya masa, ya ajiye garwa ya ce, "To, Allah ya tsare."

Ana sauran kwanaki mu tashi Inna ta fara yi mini ƙunshi. Ta ɗaura ta kwance, ta sake ɗaurawa, har tafin ƙafata da yatsuna suka yi baƙi wuluk suna sheƙi. Ta ce ba za a ga 'yarta a ƙasar mutane da ƙafa fari fat kamar marainiya ba. Tana naɗe mini tsumma tana yi mini huɗuba.

"Kada ki riga su sa hannu a kwano. Abin da aka ba ki, ki ce kin gode. Kada in ji an ce kin ce kina so, ko ya yi miki kaɗan, ko kin gaji. Kina ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Nonona ta sha, amma ba a ɗakin nan aka yanke mata cibi ba. Ki san wurinki. Kada a dawo a ce 'yar Takari ta cika ƙorafi."

Na riƙe maganar nan kamar yadda muke riƙe hadda. Da ma ni ba mai magana ba ce, sai aka ƙara mini dalili.

Mota ta kai mu Jidda, ƙura ta cika mana baki. Ban taɓa ganin teku ba sai ranar. Jirgin ya fi layinmu tsawo, kuma yana wari irin na kifi da man inji. Sitti ta kwanta amai tun ba mu yi nisa ba, ni ce mai riƙe mata tasa, Najat kuwa tana yawo a sama tana koyon cin abinci da cokali mai yatsu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Suwais, inda jirgi yake bin wani siririn ruwa a tsakiyar rairayi, har muka ga wani mutum a kan raƙumi yana tafiya daura da mu, yana ɗaga mana hannu. Misirawa suka zo a ƙananan jirage suna jefo igiya da kwando, a sa musu kuɗi su sa lemo. Wani mai dabo ya hau ya ciro ɗan tsako daga hannun rigar Najat, ta yi ihu, ni ma na yi dariya har na manta na rufe baki. Ranar ce na fi jin daɗi a duk tafiyar.

Mun sauka a Beirut ana ruwan sama, ba irin namu mai zuwa da ambaliya ya wuce ba, wani siriri ne mai naci. A wurin duba matafiya wani jami'i ya nuna ni da alƙalami ya ce, "Wannan fa?" Sidi ya tafi neman akwatuna, sai Sitti ta amsa.

"Haddama ce." Wato 'yar aiki.

Najat ta ja mayafinta. "Mama, ai 'yar'uwata ce."

"Yi shiru, ya binti. Ya fi sauri. In na fara yi wa wannan bayanin nono sai mu kwana a nan."

Sitti ta juyo ta shafa kaina, ni kuma na yi murmushi don kada ta ga kamar na ji.

Ba zan tsaya a kan Beirut ba. Mata suna tafiya kai a buɗe, ƙwauri a waje, ba mai kallonsu, ni da nake a rufe ni ake kallo. Wani ƙaramin yaro ya goga yatsa a hannuna ya duba ko ya ɗebo baƙi. Akwai ƙararrawa da Nasara suke bugawa a maimakon kiran salla, farkon jina na ɗauka gobara ce.

Abokin cinikin Sidi ne ya ce sai mun hau dutse mun ga talji, haka suke kiran ƙanƙarar sama. Hanya tana ta murɗewa kamar macijiya, kunnuwana suka toshe. A wani wuri direba ya tsaya ya ɗaura wa ƙafafun mota sarƙa. Da na fito na ga fari ko'ina, sai na tuna mai ƙanƙara na lokacin aikin Hajji, yadda yake nannaɗe ɗan guntu a buhu yana faɗa da yara kada su taɓa. A can ga ta an zubar har kan kaburbura, ba mai ɗagawa. Na ɗanɗana a ɓoye. Ba ta da ɗanɗanon komai, sai haƙori da take kamawa.

Masaukinmu gidan dutse ne, da murhun ƙarfe a tsakiyar zaure mai bututu har rufi. Abincinsu zaitun ne, da kindirmo mai kauri da suke zuba wa mai, da wani kunun tsami mai tafarnuwa da safe. Duk naman da aka kawo sai Sitti ta tambaya ko na alade ne, har mai kawo abinci ya koma rantsuwa tun daga bakin ƙofa. A ranar farko na taɓa murhun ban sani ba, na ce, "Wayyo Inna!" Sai na ji daga bayana an ce da Hausa tsantsa, "Sannu, 'yan mata. 'Yar Kano ko 'yar Katsina?"

Na juya na ga wani tsoho fari mai ƙaton ciki da gashin baki. Sunansa Hawaja Ilyas, shi ne mai kula da ɗakin girki. Ashe Bakwara ne, ɗan Lubnan da ya yi ƙuruciyarsa a Kano yana sayen gyaɗa. Ya tambaye ni kasuwar Kurmi, ya tambaye ni Fagge, ni kuwa ko ɗaya ban sani ba.

"Kai! Bahaushiyar da ba ta san Kano ba, da Bakwaran da yake mafarkin fura. Duniya ta juye. Innarki tana yin ɗanwake?"

"Tana yi."

"To ki gaya mata akwai wani tsoho a kan dutse da zai ba da gashin bakinsa a kan kwano ɗaya."

Kullum da safe sai ya gaishe ni. "Yaya sanyi?" In ce, "Da sauƙi." Ya yi dariya ya sa mini gasasshiyar gujiyar dutse mai zafi a aljihu.

Abin da yake kai mutane dutsen nan shi ne zamiya. Ana ɗaura wa kowace ƙafa dogon katako siriri mai lanƙwasasshen baki, a riƙe sanda biyu, a sulalo daga tudu. Manya suna hawa can sama. Yara kuwa akwai malaminsu a wani ɗan gangare a bayan masauki, sunansa Mu'allim Antun. 'Ya'yan abokin Sidi suna ciki, don haka Najat ta ce ita ma sai ta shiga, kuma sai da ni. Sitti ta yarda bisa sharaɗin mu ɗora riga a kan wando.

Sai an sa takalmi na musamman, na fata mai tauri kamar itace. Mai ba da aron takalma ya auna ƙafar Najat da kyau, ya matsa nan ya matsa can. Da ya juyo wurina, Sitti tana jin sanyi tana son komawa ciki, sai ta ce, "Ba ta irin na Najat. Sa'anni ne, nono ɗaya suka sha." Aka yi dariya, aka miƙo mini irin nata. Amma ƙafar Najat a kan darduma ta girma, tawa kuwa a kan duwatsun Nakkasa, ba takalmi, faffaɗa ce kamar faranti. An ba mu safa biyu biyu, ta auduga da ta ulu. Da ta ulun ƙafata ta ƙi shiga. Na juya baya na cire ta na cusa a aljihu, na tura ƙafa da ƙarfi.

"Ya yi?" in ji mutumin.

"Ya yi. Na gode."

Mu'allim Antun dogo ne, rana ta ƙone masa fuska ban da zagayen ido. Yawancin ɗalibansa ƙanana ne, ba su kai shiga allo ba, ni da Najat ne manya. Abin da ya fara koya mana shi ne faɗuwa. Ya faɗi da kansa a gabanmu, ƙafafu a sama, yara suka tuntsire da dariya, sannan ya ce kowa ya faɗi. A makarantarmu wanda ya yi kuskure bulala yake sha, shi kuwa wanda ya faɗi da kyau zabibi yake ba shi daga aljihu. Bayan faɗuwa sai tashi: ka tara ƙafafu a gefe, ka dogara da sanda. Bayan tashi sai hawa tudu a karkace kamar ƙaguwa. Sai da muka iya waɗannan ya koya mana saukowa, kuma da lissafi ya koyar. Ka haɗa bakin katako a gaba ka ware bayansa, ya zama kamar takwas ta Larabci, sai ka rage gudu. Ka jera su kamar sha ɗaya, sai ka tafi. Yana gaba yana zamiya da baya, yana kallonmu yana ihun takwas da Larabci, "Tamanya! Tamanya, ya Jojo, ba sifili ba!"

Jojo wani ɗan lukuti ne mai jar hula. Bai taɓa yin gangare ɗaya ba tare da kuka ba. Hancinsa, hannunsa, wandonsa ya jiƙe, yana son mamarsa. Kowane lokaci Mu'allim zai ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi bakin murhu, a ba shi madara mai zafi. Na raina yaron nan ƙwarai. Na ce a raina da a Nakkasa ne da ya sha ranƙwashi. Yanzu Jojo yana can gidansu da yatsunsa cif.

Ni kuwa abin ya karɓe ni. Wadda ta saba sauko da tulu daga dutsenmu ba ta tsoron gangare. Kafin sauran su iya tsayawa na iya juyawa dama da hagu. Mu'allim ya sa ni a gaban layi, ƙananan suna bina a baya kamar 'yan agwagi, yana cewa, "Ku bi Habiba!" Ban taɓa jin an kira sunana da ƙarfi haka don abin kirki ba. Idan na sulalo, iska tana shiga mayafina, sai in ji kamar ba ni da nauyi. Ba zan ɓoye muku ba, na so abin, kuma sonsa ya taimaka wajen rufe mini baki.

Akwai abin da Mu'allim yake yi a tsakiyar kowane darasi. Zai jera mu, kowa ya cire safar hannu, ya duba yatsu da hanci da kunne. Ya ce sanyin dutse ɓarawo ne, idan ya shiga yatsa sai wurin ya yi fari kamar kyandir, shi yake nema. Wanda ya ce ƙafarsa tana ciwo, a take zai zaunar da shi ya cire takalmin ya duba. Da ya zo kaina ya ga yatsuna baƙi da lalle, sai ya juya su sama da ƙasa ya yi dariya.

"Ke kam ba zan iya karanta hannunki ba. Ƙafar ma haka take?"

Na gyaɗa kai.

"To sai dai ki gaya mini da baki. Akwai ciwo?"

A lokacin ƙafata ta hagu kamar an sa ta a maƙera. Yara duka suna kallona, Sitti tana can a taga da kofin shayi. Na ce, "Babu."

Ga kuma abin da ya ƙarasa ni. Darasin yamma yana farawa bayan azahar. Ni nakan yi alwala a famfon bayan ɗakin girki, ruwan kamar wuƙa, in yi salla, in sa takalmi in fita da gudu don kada in makara. Ku gaya mini, wace ce a cikinku ta taɓa goge ƙafa bayan alwala? A Makka kafin ki kai tabarma ƙasa ta shanye ruwan. Ban san cewa a can ruwa yana bin mutum cikin takalmi ya daskare ba. Ba wanda ya gaya mini, don ba wanda ya san ina yi. Da yamma in kara ƙafar a jikin murhu, ta yi ta zugi kamar ana soka allura, in ciji mayafi. Washegari in sake mayar da ita cikin sanyi.

Sai wata rana ciwon ya ɗauke ɗif. Na taka ban ji komai ba, kamar ƙafar wani nake ja. Wallahi murna na yi. Na ce Inna ta yi gaskiya, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Najat ce ta fara gani, muna canza kaya a ɗaki. Ƙananan yatsu biyu na hagu sun kumbura sun yi bororo, ruwan ciki ja-ja. Ta toshe hanci ta matso.

"Ya Allah, Habiba, mene ne wannan?"

"Ban sani ba. Ba ya ciwo."

Ta ciji leɓe. Washegari ne ranar ƙarshe, ranar da yara suke saukowa ɗaya bayan ɗaya a gaban iyaye, a ɗaura wa kowa jan ƙyalle a hannu. Najat ta sha wuya kafin ta iya takwas ɗinta.

"Idan Mama ta gani yau za mu koma Beirut, kin san ta. Ki bari sai gobe bayan an gama. Tunda ba ya ciwo. Don Allah, uhti, kwana ɗaya kawai."

Ba ta cika ce mini uhti, wato 'yar'uwata, ba sai tana son abu. Na ce to.

Da safe takalmin ya ƙi shiga sam. Na zauna a bayan ɗakin girki ina turawa ina haki, sai ga Hawaja Ilyas da bokiti.

"Yaya sanyi, 'yar Makka?"

"Da sauƙi."

Ya ajiye bokitin. Bai yi dariya ba yau. "Na zauna da mutanenki har gashina ya fara fari. Na ga wanda ake haƙa wa kabari yana cewa da sauƙi. Tun shekaranjiya nake ganin kina jan ƙafa. Cire safar nan."

"Ba komai, Baba."

"Ban tambaye ki ba. Cire."

Na cire. Ya durƙusa da ƙyar saboda cikinsa, ya kai ƙafar wurin haske, ya daɗe yana dubawa don ya gane inda lalle ya tsaya da inda wani baƙin ya fara. Ya matsa da farce ya ce, "Kin ji?" Na ce a'a. Sai ya faɗi wata kalma da Larabci da ba zan rubuta ba, ya ɗauke ni cak kamar Jojo ya shiga da ni zaure yana ƙwala wa Mu'allim Antun kira.

Mu'allim ya shigo da ƙanƙara a kafaɗa. Da ya gani sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa. Ya ɗauki takalmin ya gwada a tafin ƙafata, kowa ya ga yadda ƙafar ta fi shi faɗi.

"Na tambaye ki," in ji shi a hankali. "Kullum ina tambayarki."

Sitti ta sauko da gudu. Ta yi salati, ta yi kuka na gaske, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma abin da ta fara faɗa shi ne, "Me ya sa ba ki yi magana ba? Kin san abin da za a ce a Makka? A ce mun ɗauko 'yar mutane mun bar ta ta ruɓe!" Na kalli Najat. Tana tsaye a bayan kujera da kayan zamiyarta a jiki, tana kallon murhu. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba.

Motar da za ta sauka da mu ba ta samu ba sai da rana ta yi sama, don haka aka yi bikin yara ina kwance a zaure, ƙafa a cikin ruwan ɗumi. Ta taga na ga ƙananan suna saukowa ba kowa a gaban layi. Jojo ya faɗi, ya tashi, ya ƙarasa yana kuka, aka yi masa tafi. Najat ta sauko lafiya aka ɗaura mata ƙyallenta. Da za mu tafi Mu'allim ya zo ya ɗaura mini nawa a wuyan hannu. Hawaja Ilyas ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Ki gaida Innarki. Ki ce mata tarbiyya ta yi kyau, har ta yi yawa."

A asibitin Beirut matan Nasara masu farin lulluɓi ne suke jinya, suna da kirki, sai dai sun yi ta goge mini ƙafa da sabulu suna zaton lallen datti ne. Likita ya ce sai an jira a ga iyakar abin da ya mutu. Muka jira har Sidi ya gama cinikinsa. Yatsu biyun suka bushe suka ƙanƙance kamar busasshen dabino, aka shaƙa mini magani, na farka babu su. Najat ta zo dubiya da alewa, ta zauna a bakin gado tana ba ni labarin silima. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ba ki gaya wa Mama ba ko?" Na ce a'a. Ta ce, "Na san ba za ki faɗa ba." Ta faɗe shi ne kamar yabo.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kai. Teku ɗaya ce, Suwais ɗaya ce, mai dabon ma ya sake hawowa, amma ina kwance a ƙasa ban fita ba. A wannan karon ba wanda ya ce in riƙe tasa.

Mota ba ta hawa layinmu, Baba ne ya sauko ya goya ni, abin da bai yi ba tun ina ƙarama. Sitti da kanta ta biyo mu har ƙofa tana haki, ba ta taɓa hawa Nakkasa ba. Ta kawo turmin yadi mai ruwan zuma, irin wanda ba a taɓa gani a layinmu ba. Ta rungume Inna tana kuka tana cewa ƙaddara ce, yarinyar ba ta faɗa wa kowa ba, ko ɗan motsi ba ta yi ba. Inna ta karɓi yadin da hannu biyu ta rusuna.

"Ba komai, Sitti. Mun gode. Allah ya saka da alheri."

Na ji muryar, na gane ta. Ita ce muryar da na yi wa mai takalma magana da ita.

Da suka tafi Inna ta jefa yadin a bayan randa, yana nan har yau, ɓera ya fara cin gefensa. Ta zaunar da ni a tabarma ta warware bandejin a hankali. Lallen da ta yi mini ya koɗe ya koma ja, ya rage a farce kawai. Ta riƙe ƙafar a cinyarta tana shafa wurin da babu komai da babban yatsanta. Na jira ta tambaye ni me ya sa ban yi magana ba, kamar yadda kowa ya tambaya tun daga dutse har Jidda. Ba ta tambaya ba. Ita ta san dalili.

To kun ji labarin safa. Talji fari ne, yana da kyau, yana saukowa ba ƙara. Na ga Nasara, wasunsu sun yi mini alheri. Zahir kuwa ban koma ba, Najat ta aiko sau da yawa, Inna takan ce wa ɗan aiken ina karatu. Zulai, ke da kika ce na yi sa'a, ki zo gida in nuna miki jan ƙyallen, in kina so ki ɗauka.

Ranar da muka dawo ɗin, da Inna ta gama dubawa, sai ta ɗago ta kalle ni, idonta jawur.

"Yana yi miki ciwo?"

Bakina har ya buɗe da kansa zai ce da sauƙi. Ta ɗora yatsa a kan leɓena ta girgiza kai.

"Ba wannan ba. Gaya mini."

Na ce, "Yana ciwo, Inna. Tun ranar farko yake ciwo."